Wayar da Hannun Inna Ya Sani

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a duk inda ka buɗe ta. Na ce wa mamarka ta sa ta a aljihun gefe na jakarka, kada ta faɗa maka sai mota ta tashi. Amma na san halinka, kafin ku wuce Ntoum ka riga ka farke ambulan. Allah Ya tsare hanya, Ya kare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin masu tare mota, masu kaki da marasa kaki.

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da gida, ina nan Gabon. Kai kuwa ba ka taɓa taka shi ba, ga shi za ka riga ni. Ban san ko murna zan yi ko haushi zan ji ba, duka biyun nake ji, shi ya sa tun da aka tsayar da ranar tafiyarka na kasa zama wuri ɗaya. In zauna a shago, in tashi in leƙa layi, in dawo in gyara kwalin da na riga na gyara.

Na zaɓi takarda ne domin baki ya gaza mana. Duk lokacin da na ɗauko magana sai ka amsa da Faransanci, ni kuma raina ya ɓaci, rigimar ta koma kan yare, mu bar abin da ya tara mu. Takarda ba ta katse mutum. A kan tebur ɗin shago nake rubutawa, ruwa yana ta zuba kamar yadda ya saba, kasuwar Mont-Bouët ta zama taɓo, ba mai saye. In ka ga rubutun ya karkace, wani ne ya leƙo tambayar caja.

Maganar wayar nan ce ta gilashi.

Ka tuna ranar. Ila ɗan Maraɗi, mai sayar da talabijin a layinmu, shi ya ƙwala min kira: “Malam Garba! Taho ka ga abin da za shi ruhe maka shago!” Na fito na tarar da mutane sun cika ƙofarsa, kai kana gaba. Wani Bature ne ake nunawa a talabijin, a kan dandamali riƙe da wani abu baƙi kamar guntun allo, fuskarsa duk gilashi. Ya sa yatsa ya ja, sunaye suka gangara kamar ruwa a indararo. Ya sa yatsu biyu a kan hoton wani yaro ya buɗe su, fuskar yaron ta girma har ana ganin gashin girarsa. Ya juya abin a kwance, hoton ma ya kwanta.

Ila ya ce, “Wanga madubin mata na, ba waya ba. Ina wurin dannawa?”

Ka yi dariya ka ce, “Tonton, ba a dannawa, shafawa ake yi.”

Ya ce, “Shahwawa? Kamar kyanwa? To in ta ƙi ji, sai a yi mata waƙa?”

Kowa ya yi dariya ban da ni. Kai ka ɗauka tsuke fuskar da na yi ƙiyayya ce irin ta tsoho. Ba haka ba ne, kuma gara ka ji daga bakina: abin ya tafi da ni. Na tsaya baki buɗe har wata mata da ta zo sayen batir ta gaji da jira ta wuce gaba. Da aka maimaita labarin da yamma na sake komawa na kalla. Na sayar da waya iri-iri, mai eriya, mai zamewa, mai tocila, ban taɓa ganin wadda ta sa na ji yatsuna sun yi min kauri ba sai wannan. Na yi ta tambayar kaina: in ta faɗi fa? In hannu da ruwa fa, kamar na matan nan masu kifi? A aljihun direban taksi, tare da makulli da tsabar canji, kwana nawa za ta yi? Amma a ƙasan duk tambayoyin nan na san amsar. Za a saya. Wanda bai iya karatu ba ma zai fi kowa jin daɗinta, tunda hoto zai taɓa. Na koma shago na tsaya ina kallon kwalayen robar maɓalli da na sauke kafin azumi, na ji irin tsoron da na taɓa ji.

Na taɓa jinsa, lokacin kaset. Kana ƙarami, ba za ka tuna ba. A da in mutum yana son yin magana da gida, kaset yake saya, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya gai da kowa da sunansa har da akuya, ya ba matafiyi ya kai. Bayan wata biyu ko uku amsa ta dawo, a taru a saurara. Ni nake sayar da kaset ɗin da rikodar, kuma ina samu. Da salula ta shigo garin nan na ce wasan yara ne. Na ce wa zai biya kuɗi yana magana yana kallon agogo, alhali a kaset zai yi awa guda har da kuka? Maimakon in rage oda sai na ƙara. Ragowar suna nan ƙarƙashin gadon mamarka a gidanmu na Alibandeng, danshi ya cinye su, ta hana a zubar don ta riƙa tuna min.

Don haka ba zan ce maka ka guji wayar gilashi ba. In ka zauna a shagon Kawunka Nasiru a Kano, ka koye ta tun kafin ta cika kasuwa. Ka san yadda ake buɗe ta, ka san yadda ake canja fuskar, domin gilashi fashewa yake yi, kuma wanda ya iya gyaransa ba zai kwana da yunwa ba. Kada ka zagi sabon abu don kawai kayan da ke shagonka tsofaffi ne. Wannan na yi, na ga ƙarshensa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar da ka yi a taksi muna komawa gida. Na ce maka wayar Inna ta kusa mutuwa, ranar Juma'a sau uku tana katsewa, Baffanka Isa ya ce da kyauro aka ɗaure batirin. Sai ka ce, da Faransancinka, in bar maka wannan. Ka ce za ka fara zama a Kano ka yi aiki, in sabuwar ta iso ka saya, sannan ka tafi wurin Kaka da ita a hannu. Ka ce, “Papa, hotonka kawai za ta taɓa, sai ta kira.” Fuskarka tana ta walƙiya. Na juya ina kallon titi, ka ɗauka raini ne. Muryata na ji a bakinka, shi ya sa.

Bari in ba ka labarin wayar azurfa.

Wayar Inna ka san irinta, ƙaramar nan mai toka-toka da kuke wa dariya kuna cewa bulo. Da na aika da ita, Isa ya sa lambata a kan maɓalli na biyu, ita kuma ta sa aka ɗiga mata ƙaro a kai ya bushe ya yi tudu. In an kai caji kasuwa an dawo da ita, kuma tsakar gida ta yi shiru, sai ta lalubi tudun ta danne. Ta yi ƙara sau ɗaya a nan, abin da kuke ce wa bip, ni kuma in kira. A nan take faɗa min abin da ba ta faɗa a gaban kowa: ƙafarta, mafarkin da ta yi da marigayi Malam babana, gishirin da ya yi yawa a miya. Wani lokaci ba ta da magana ma, sai ta ce, “Ana ruwa a wurinku? Bar ni in ji.” In miƙa wayar wajen kwanon rufi.

Sai wata shekara aka kawo wata mai naɗewa, launin azurfa, siririya, maɓallanta a shafe sumul kamar bayan cokali. Wani Alhaji na layinmu zai tafi gida, na ba shi ya kai mata. Ban tambaye ta ko tana so ba. In faɗa maka gaskiya, ba hannunta nake hange ba lokacin da nake naɗe kwalin. Matan unguwa nake hange suna karɓa suna juyawa, suna cewa ɗan Gabon ya aiko. Saƙo ya isa, aka yi godiya, tsohuwar wayar aka ba matar Isa.

Shiru. Daga azumi har bayan babbar salla wayata ba ta yi ƙarar nan guda ba. In na kira, a kashe. In na kira Isa ya kai mata tasa, sai ta ce, “Lafiya lau. An gode, waya ta yi kyau. Allah Ya yi albarka.” Shi ke nan, kamar tana magana da mai unguwa. Ni kuma ina nan ina saƙa da warwara ni kaɗai. Mutumin da ke nesa ba ya rasa labarin da zai ƙirƙira, kuma kullum mafi muni yake zaɓa. Na yanke cewa Isa ya karɓe. Rannan na kira shi a gaban mutane a shago na ce, “Sayarwa ka yi ko matarka ka ba?” Sai ya ce, “Yaya, ka zo ka duba.” Ya kashe.

'Yarsa ce ta gano wayar, tana neman wani abu a cikin kwallar Inna. Tana ƙasa, an naɗe ta a ɗankwali, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba. Da aka haɗa mu na ce, “Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?” Ta ce, “Yo abu ka aiko daga uwa duniya, in ce ban iya ba? Na buɗe, na shafa, na shafa, ban ji inda kake ba.” Ba ta so ta ce wa Isa ya riƙa kira mata ni, kada ya ga kamar ƙararsa za ta kai. Sai ta zauna da shirunta wata da watanni, ni ina nan ina zagin ƙanena.

Aka karɓo tsohuwar wayar daga matar Isa, ƙaron yana nan bai ɓalle ba. Na ba Isa haƙuri, ya ce ya wuce. Ya wuce ɗin, amma har yau in mun gaisa ba ya ƙara komai a kan “lafiya lau”. Shi yake ɗauke da ita, shi ke kai ta asibiti, shi ke jin tarinta, ni daga nan nake aika umarni. Ka riƙe wannan: in za ka yi wa mutum kyauta, hannunsa za ka duba, ba idon 'yan kallo ba. In kuma wani naka ya yi shiru, tambaya ake yi kafin a yanke. Ban yi ko ɗaya ba.

Yanzu ka dubi wadda kake son kai mata. Waccan ko ba komai tana da maɓalli, santsi ne ya yi musu yawa. Wannan ba ta da komai. A ina za ta ɗiga ƙaro? Ka ce hotona za ta taɓa. Abba, Inna ba ta gani. Ba wai idonta ya yi rauni ba, kamar yadda na saba faɗa muku a gida don in sauƙaƙa wa kaina. Ba ta gani ko kaɗan, rana da dare ɗaya ne a wurinta.

Zuwana na ƙarshe tana gani sarai. A gabana ta tsince tsakuwa daga shinkafa. Ta ce in kawo mata kai ta ga wanda aka mayar wa sunan Malam. Na ce baɗi. Baɗi ta zo, katin zama ya ƙare, aka shiga layin sabuntawa. Wata shekarar kaya suka maƙale a tashar jirgin ruwa. Wata shekarar na ce sai na sami abin riƙewa a hannu, kada a ce mutum ya yi shekaru a Gabon ya dawo da jaka ɗaya. Kowace shekara da hujjarta, kuma abin haushin, kowace hujja gaskiya ce. Ciwo ya ci ido ɗaya ya koma ɗayan, da aka kai ta Kano likita ya ce an makara. Ba ta taɓa yi min gori ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi.

Za ka ce to ni me ya hana ni biyo ka yanzu. Hujjar bana ma tana nan: takarduna suna ofis, in na fita da rasit kaɗai ban san ko za a bar ni in dawo ba, ga ƙannenka a makaranta, ga shago. Ka gani? Har yanzu ina yi. Ƙasar nan ta ci ƙuruciyata, kuma duk sanda jandarma ya tsayar da ni ya karɓi katina yana juyawa, nakan tuna baƙo nake kamar jiya na sauka. Amma ba zan yi mata ƙarya ba, ta ciyar da mu, a asibitinta aka haife ku, kuma akwai 'yan ƙasa da suka yi min abin da ɗan'uwa bai yi ba. Ba ita ta riƙe ni ba. Ni na zauna ina jiran ranar da komai zai daidaita.

Wayar nan da kake jira, ko a ƙasar masu ita ba ta fito kasuwa ba, nuna ta kawai aka yi. Kafin ta iso Kano, kafin farashinta ya sauko inda hannunka zai kai, wa ya sani? Inna ta haura tamanin.

To ga abin da nake so da kai, kuma shi kaɗai ne na roƙe ka a takardar nan. In kun tsallaka iyaka kun hau motar Kano, hanyar ta gaban garinmu take bi. Tun a tasha ka ce wa direba akwai sauka a Birnin Kudu, ka sake tuna masa a hanya, don mantawa suke yi. Za ka gaji, kayanka za su yi datti, zuciyarka za ta ce ka wuce Kano ka yi wanka ka huta, ka dawo wani satin da shiri. Na san muryar nan, mun daɗe tare. Ka sauka. Na riga na gaya wa Kawunka Nasiru kada ya sa ido sai bayan mako guda.

Duk ɗan acaɓa ya san gidan Malam mai sirdi. In ka shiga, Baffanka za ka fara gaisarwa, kuma durƙusawa ake yi, ba miƙa hannun nan naku na 'yan makaranta ba. In ya yi maka sanyi-sanyi, ba da kai yake ba, ka bar shi. Kada ka yi Faransanci a gabansu ko da wasa, za su ɗauka zaginsu kake. Hausarka za ta ba su dariya, yara za su riƙa kwaikwayonka. Ka yi dariyar tare da su.

Ita kuwa ba za ta kira sunanka ba, tunda sunan mijinta ne. Za ta ce, “Maigida, sai yau? Ka tafi yawon duniya ka bar ni ba cefane ba sabulu?” Kada ka sunkuyar da kai ka rasa ta cewa, kamar yadda ka yi rannan a waya har ka miƙo min kana zare ido. Wasa ne tsakanin kaka da jika, kuma ramawa ake yi. Ka ce mata ai ta tsufa, haƙoranta ma sun gudu sun bar ta. Za ta zage ka tas. Wannan zagin shi ne marabarka. Sannan za ta ce ka matso. Ka cire tabaran nan naka, ka tsaya cik, za ta bi fuskarka da hannu tun daga goshi har haɓa. Kada ka yi sauri. Duk abin da ta faɗa a lokacin, ka riƙe min shi daidai yadda ta faɗa, kada ka gyara.

Kada ka kira ni kana isa don ka haɗa mu. Ka bar ta ta kira da kanta, in gida ya yi shiru, yadda ta saba. Kuma wata rana in Allah Ya hore maka ta gilashin, ka kai mata ta riƙe ta ji santsinta, ta yi maka tsiya. Amma kada ka bari kowa ya raba ta da tata, ko da sunan gata.

Sauran nasiha ka sha ji. Salla a kan lokaci, ko a tasha. Fasfo a jikinka, ba a jaka ba. Kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba a iyaka. Ka kira mamarka in kun shiga Kamaru, tun jiya take kuka a kicin tana cewa albasa ce.

Ruwan ya tsagaita, mutane sun fara fitowa, zan tsaya nan. Allah Ya kai ka lafiya, Ya sauke ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya rufa maka asiri a inda ba ka san kowa ba. Allah Ya sa ka tarar da ita da ƙarfinta. Na yafe maka duk abin da ka yi min, wanda na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe min. Ka gai da Isa da iyalinsa da kyau.

Mahaifinka,
Garba

Af, ƙullin da ke ƙasan jakarka, cikin baƙar leda, nata ne. Tun ranar da muka kalli wayar nan nake zaga kasuwa shago-shago ina neman irin tata, an daina kawowa. Ila yana bina da tsiya wai na koma bola. Ka ba Isa ya adana, a riƙa fitowa da su ɗaya bayan ɗaya. Ga abin da na iya tarawa: waya uku masu rai, ɗaya matacciya don cirar kaya, batir biyar, caja biyu, robar maɓalli bakwai. Allah Ya sa su ƙare tana nan, in sake shiga kasuwa nema.